Wanda Ba a Koya wa Komai Ba

Sunan Injiniya ba a makaranta ya samo shi ba. Wata rana ce wani mai sayen gado ya kira shi kafinta a gaban jama'a, sai ya ajiye zarto ya ce shi ba kafinta ba ne, injiniyan katako ne. Tun daga ranar mutanen layin suka liƙa masa sunan, rabi girmamawa rabi tsokana. Shi kuwa ya ɗauki rabin farko ya bar musu na biyun.

A yi masa adalci, ya iya aiki. Idan ya haɗa ƙafar kujera, sai dai katakon ya ruɓe, amma haɗin ba ya saki. Sai dai iya aiki daban, ciniki daban. Tun da aka fara shigo da gadajen kamfani masu ƙyalli da araha, rumfarsa ta koma wurin hira. Yakan wuni yana wasa zarton da ba ya bukatar washi, guntayen katako tuli guda a bayan rumfa, masu girki suna zuwa suna kwasa kyauta. Maƙwabcinsa mai walda, mutumin da bakinsa ya fi wutar waldarsa zafi, kullum sai ya leƙo ya tambaye shi ko yau ma ofis a rufe yake.

Ana nan sai ga mutanen jami'a sun shigo layin, suna bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Jagorarsu wata doguwar mace ce mai tabarau, kowa Malama yake ce mata. Ta ce bincike suke yi a kan ƙananan sana'o'i. Suna so su gane, in aka koya wa mai sana'a dabarun ƙirƙiro sabon abu da jan ciniki, sana'arsa tana ci gaba ko kuwa ɓata lokaci ne kawai. Don haka za a rubuta shaguna da yawa a faɗin garin, a jefa ƙuri'a. Rabi a ba su horo, rabi a bar su yadda suke, sannan a riƙa zagayowa ana duba kowa. A ƙarshe, waɗanda aka horar kuma aka ga sun yi aiki da abin da suka koya, wata ƙungiya za ta ba su manyan injinan sana'arsu.

Injiniya ya ji horo, ya ji injina, amma maganar ƙuri'a ta bi ta saman kansa ta wuce. Kafin motarsu ta fita daga layin, ya riga ya gaya wa mai shayi da mai gyaran babur cewa jami'a ta zaɓe shi.

Matarsa tela ce. Kowa Maman 'Yan Biyu yake ce mata, har shi. Ba a gida take ɗinki ba, don ɗakunansu biyu ne kacal. Ta kafa kekenta a wani ɗan ɗaki da ke ƙofar gidan yayarta, can wancan gefen gari. A can mutanen jami'a suka same ta suka rubuta ta, ba su san akwai wata alaƙa tsakanin ɗakin ɗinkin da rumfar katakon ba. Da aka jefa ƙuri'a, sai ta faɗo a cikin masu horo, shi kuma ya faɗo a cikin waɗanda za a bari yadda suke.

Malama da kanta ta zo ta gaya masa, cikin ladabi.

"Kada ka ga kamar an ware ku ne, Malam Injiniya. Kuna da muhimmanci ƙwarai. Da ku za mu gwada mu ga ko horon ya yi amfani."

Mai walda yana jingine da ginshiƙin rumfa, ya ɗage tabaransa na aiki zuwa goshi. Sai da ta tafi ya ce, "Ashe kai ne dutsen sikeli. Da kai ake awo, amma ba a sayenka."

Layin ya yi mako yana cin wannan magana. Injiniya yana dariya tare da su, amma dariyar iyakarta haƙora. Abin ya yi masa ciwo, musamman da ya zama matar da yake ciyarwa ita ce za ta zauna a aji shi yana waje. Sai ya sa wa horon suna makarantar tsofaffi. Duk ranar da za ta tafi, yakan tambaye ta ko ta ɗauki allonta.

Ita ko a jikinta. Abu ɗaya ne a ranta, keken ɗinki na lantarki, irin babban nan mai cin fata da tamfol kamar takarda. An nuna musu shi ranar farko, ta dawo ta kasa daina maganarsa. Nata keken mai ƙafa ne, ya tsufa, da ya ji yadi mai kauri sai ya karya allura. Da babban keken za ta iya karɓar aikin labule da jakunkuna da kayan makaranta, aikin da shekara da shekaru take turawa ga wasu tana kallo.

A ranar farkon ne kuma aka sa su yin alkawari, ba za su koya wa wani shagon da ke cikin binciken abin da ake koya musu ba, sai an gama. In aka haɗa ruwan biyu, in ji malaminsu, ba za a san wanne ne ya jiƙa ƙasar ba. Maman 'Yan Biyu ta yi alkawarin da zuciya ɗaya, kuma in an bi ta ɓarauniyar hanya, ba ta karya shi ba. Ba ta taɓa koya wa mijinta komai ba. 'Ya'yanta take ba labari. Da yamma, in ta zaunar da 'yan biyun tana yi musu kitso, shi yana gefe ya kara rediyo a kunne, sai ta fara.

"Yau malaminmu ya ce, kafin ka ƙera abu, ka je ka ga ɗakin da za a ajiye shi. Ya ce kuma kowa ya duba abin da yake zubarwa, wataƙila a nan arzikinsa yake kwance."

"Mama, mu me muke zubarwa?"

"Ku ba ku zubar da komai sai hawaye. Tsaya da kanki in gama."

"Wannan ai ko jariri ya sani," in ji Injiniya. Amma duk wanda ya lura zai ga ya rage muryar rediyon.

Wata yamma ta ba yaran labarin matan da take yi wa ɗinki. Yawancinsu a ɗaki ɗaya suke haya, shi ne falo, shi ne ɗakin kwana, shi ne kicin. Babu inda tebur zai tsaya, balle kabad. Ta ce ita da za ta sami kujera 'yar tsugunno mai ciki, wadda za a buɗe murfinta a zuba kaya, a rufe a zauna a kan ɗan matashi, da kuma tebur da za a maƙala a bango a naɗe shi in an gama ci, da matan nan sun yi rububi. Ta ce ko guntayen katako ma sun isa. Yaran ba su ji komai ba, ɗaya ta yi barci a cinyarta.

Ba a rufa mako ba ya shigo gida da kujerar a kafaɗa.

"Wata 'yar dabara ce ta faɗo min," in ji shi, yana kallon gefe.

Ta buɗe murfin, ta rufe, ta zauna a kai, ta girgiza jiki ta ji ko za ta yi ƙara. Ba ta yi ba. "Baban 'Yan Biyu, Allah ya yi maka kai," ta ce. Washegari ta ɗinka mata matashi da ƙyallayen da suka rage mata, ta ɗauki hotonta a waya ta riƙa nuna wa duk matar da ta kawo ɗinki.

Abu kamar wasa, kujerar ta kama. Teburin bango ya biyo baya. Mata suka fara zuwa layin da ba su taɓa takawa ba, suna tambayar ina rumfar mai kujerar ajiya. Masu girki suka zo neman guntaye suka tarar babu. Kowace kujera kuwa da matashinta, kuma hannu ɗaya ne yake ɗinka su. Maman 'Yan Biyu ta koma wuni a kan matasai, tana cusa soso, tana karya allura, ɗinkin mutane yana jira a rataye. Wasu suka gaji da jira suka karɓe yadinsu suka kai wani wuri. Yayarta ta ce mata, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita kuwa ta ce ai duk tukunya ɗaya ake zubawa.

Da Malama ta zagayo rumfar, sai ta tsaya tana gyara tabarau. Ta ɗauki hotuna, ta buɗe kujera ta rufe, ta sa ya nuna mata yadda teburin yake naɗewa. Sannan ta zauna ta fara tambayoyin da take yi wa kowa. Mai walda ya kashe injinsa ya zo ya jingina da ginshiƙin nan nasa, mai shayi ma ya matso.

"Akwai wani naka, ɗan'uwa ko aboki ko wani a gidanka, da yake zuwa horon nan?"

Injiniya ya ji idon mai walda a ƙeyarsa. Mutanen layin sun san matarsa tana ɗinki, amma ba su san tana zuwa aji ba, don bai taɓa bari sun sani ba. Amsar kalma ɗaya ce, kuma ya san ta.

"Babu," ya ce.

"To wannan dabarar daga ina ka samo ta?"

Ya ɗaga yatsa ya ƙwanƙwasa goshinsa.

Labari ba ya kwana a layi. Matar mai walda ta kai wa Maman 'Yan Biyu shi da ɗuminsa, tana dariya, wai mijinki ya ce wa mutanen jami'a daga ƙwaƙwalwarsa. Saboda haka, da Malama ta isa ɗakin ɗinki ta tambaye ta wane sabon abu ta ƙirƙiro tun da aka fara horo, sai ta dubi matasan da ke tule a kusurwa, ta ga in ta ambace su za a tambaye ta na wane ne, in ta faɗa kuma ta mayar da mijinta maƙaryaci. Ta ce tana nan dai tana tunani. Matasan kuwa, ta ce, na gida ne.

Ranar da za a bayyana sakamakon bincike, an tara kowa a babban zauren jami'a. Injiniya ya sa kayansa na fita kunya, ya zo da mutanen layin a bayansa, don Malama ta aiko cewa ana bukatarsa musamman. Maman 'Yan Biyu ta taho daga gidan yayarta tare da matan ajinsu, suka zauna can tsakiya. Ba su ko gaisa ba.

Farfesa, shugaban binciken, ya yi dogon bayani da zane-zane a majigi, wanda rabin zauren ya yi gyangyaɗi a kansa. Taƙaicensa shi ne, horo yana taimakawa, amma ba kowa yake taimaka wa ba, kuma akwai mutanen da aka haifa da abin a jininsu. Don ya nuna haka, sai ya sa aka haska hotuna biyu gefe da gefe. Ba a ambaci suna ba, ba a nuna fuska ba. Na dama rumfa ce cike da kujeru da tebura, mata suna ciniki. Na hagu ɗan ɗaki ne da tsohon keke mai ƙafa, da yaduka a rataye sun yi ƙura.

"Wannan," in ji Farfesa, yana nuna na hagu da sanda, "ba ta yi fashin aji ko sau ɗaya ba. Amma shagonta baya ya yi. Wannan kuma ba a koya masa komai ba, ga abin da ya yi da kansa."

Injiniya ya san labulen ɗakin, shi ya kafa masa ƙarfe. A kusurwar hoton, bayan keken, ga matasansa nan a tule, wasu ba a gama ɗinke bakinsu ba. Babu wanda ya lura da su a zauren nan sai shi. Matan ajin kuwa sun gane ɗakin, ya ga kawunansu suna juyawa wajen matarsa a hankali, ɗaya ta dafa mata kafaɗa. Kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai.

Aka karanta waɗanda za a ba injina. Aka kira teloli, aka wuce, ba a kira ta ba. Sannan aka ce Injiniya ya hau dandamali.

Ya hau da niyyar faɗa, wannan gaskiya ne. A kan matakala ma ya shirya maganar, gajeruwa, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma da aka miƙa masa makirufo ya ji numfashinsa yana fita ta lasifika, ya hango mai walda a baya ya miƙe tsaye yana tafi da hannuwa sama, mutumin da ya kira shi dutsen sikeli. Ya hango mutanen ƙungiyar masu injina a sahun gaba suna murmushi. Farfesa ya dafa shi ya ce ya gaya wa jama'a wa ya koya masa.

"Babu kowa, ranka ya daɗe," ya ji bakinsa yana cewa. "Tunani ne kawai, sai taimakon Allah."

Zauren ya ɗauki tafi. Ya nemi fuskar matarsa a tsakiyar mata ya same ta. Ita ma tafi take yi, a hankali, kanta a miƙe.

Da za ta yi masa faɗa a gida, da ya samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta zuba masa abinci, ta ce ya yi kyau a kan dandamali, sai dai hularsa ta ɗan karkace. Washegari ta tafi ɗinkin matasai kamar kullum, abu ɗaya kawai ya canza, ta daina maganar babban keke. A layi kuma mai walda ya fara kiransa Injiniya babu ko ɗigon tsokana a ciki, har yana kawo baƙi su gan shi. Wannan ya fi komai ci masa rai. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ya buge yatsansa da guduma, abin da rabonsa da yi tun yana koyon aiki. Duk kujerar da ya miƙa wa mai saye, sai ya kawar da ido daga matashinta.

Wata safiya ya ce wa mai walda zai je sarin katako, ya hau mota ya sauka a jami'a. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa ofishin Malama, wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, takardu har kan kujerar baƙi. Sai da ya leƙa ya tabbatar ita kaɗai ce, sannan ya yi sallama. Ya mayar da ƙofa ya rufe a bayansa.

Ya faɗa mata duka, kansa a ƙasa, yana murza hularsa. Matarsa ce mai ɗakin da ke hoton hagu. Ita ta ga matan ɗaki ɗaya, ita ta kawo kujerar da teburin, ita ta ɗinka matasan, ita ta kawo masu saye. Shi katako kawai ya haɗa. Yana gamawa ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka, har ya ɗan gyara zama. Ya ce yanzu sai a gyara, a ba ta kekenta.

Malama ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Ta daɗe tana murza idonta.

"Matarka ce," ta ce. "Na shiga rumfarka, na shiga ɗakinta, na ɗauki hoton matasan da hannuna. Ban haɗa ba. Wannan abin kunyata ne, kuma ni zan tsaya gaban Farfesa in faɗa." Ta mayar da tabaran. "Malam Injiniya, ka yi magana da ita kafin ka taho?"

"A'a."

"Ɗaya daga cikin telolin da aka zaɓa za ta bar gari, an canza wa mijinta wurin aiki. Mai bi mata a layi matarka ce, saboda ba ta taɓa fashi ba. Da safen nan na kira ta na gaya mata an ba ta keken."

Ya ɗago kai. "To ai shi ke nan, alhamdu lillahi."

"Ba shi ke nan ba. Ta yi alkawarin ba za ta kai darasin wani shagon da ke cikin binciken ba. Na tambaye ta ko ta kai, ta ce a'a. Masu ba da injinan sharaɗinsu ke nan, duk wanda ya karya shi an cire shi. Ba ni na kafa shi ba, kuma sun riga sun cire wasu a kansa. Yanzu dole in fitar da shagunanku biyu daga binciken, in rubuta dalili, su kuma za su karanta."

"Amma ai abin da na faɗa miki ya nuna ta fi kowa koyo."

"Ta fi kowa. Tun da na fara aikin nan ban ji abin da ya kai shi ba. Da ranar da na tambaye ka a rumfa ka ce min e, da na sa ku a rukuni ɗaya, in rubuta ku gida guda, magana ta ƙare. A lokacin kuskuren nawa ne. Yanzu ya zama ta ɓoye."

Ya matso bakin kujera ya rage murya, ko da yake babu kowa.

"Malama, don girman Allah, ki yi kamar ban zo ba."

"Ka zo," ta ce. Ba da faɗa ta faɗa ba, idonta ma ya kawo ruwa. "In na binne wannan, duk abin da na rubuta ƙarya ne, kuma da shi za a yanke wa wasu hukunci. Zan roƙa mata, amma kada ka sa rai. Gobe zan kira ta. Ko kai za ka fara gaya mata?"

Ya ce shi zai gaya mata. Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ma ba nasa ba ne.

Bai koma rumfa ba. Ya yi ta yawo a ƙafa har la'asar, sannan ya nufi gidan yayarta. Tun daga ƙofa ya ga abin da ake ciki. An fitar da tsohon keken waje, an jawo kabad ɗin yaduka zuwa tsakar ɗaki, an share bangon da ke kusa da soket an goge. Maman 'Yan Biyu ta ɗaure kanta da ɗankwali, ƙura har girarta, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Rabonsa da ya ji tana waƙa har ya manta.

"Ga shi nan kuwa," in ji Yaya. "Ka ji abin arziki? Bari in kira maƙwabta su zo su ga wurin, masu cewa ƙanwata ɓata lokaci take yi." Ta ja mayafi ta fita.

"Na yi ta kiran wayarka," in ji matarsa. "Tebur nake so ka yi min, mai ƙarfi, an ce keken yana da nauyi. Daga nan zuwa nan. Kama min bakin awon."

Ya kama bakin tef ɗin, ya danna shi a bango inda ta nuna. A haka ya faɗa mata, yana kallon bangon. Ya ce ya je jami'a. Ya ce ya gaya wa Malama gaskiya, don a ba ta haƙƙinta. Ya faɗi abin da Malama ta ce.

Ba ta saki tef ɗin nan da nan ba. Ta naɗe shi a yatsunta a hankali har ya zo hannunsa, ta zare bakin daga ƙarƙashin yatsansa.

"Su wa ke ofishin?"

"Ita kaɗai."

"Ka rufe ƙofa?"

Ya gyaɗa kai.

"A zauren kuwa gari guda ne ya tafa maka, har da ni." Ta sa tef ɗin a aljihun rigar aikinta. "Ni ban ce ka faɗa ba, Baban 'Yan Biyu. Na riga na haɗiye. Amma in faɗar za ka yi, me ya sa ka zaɓi inda kai ba za ka rasa komai ba?"

Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma siminti ne, an ma goge shi tas. Daga waje suka ji muryar Yaya tana tahowa da mata, ana dariya, wata tana cewa ita ce za ta fara kawo labule. Maman 'Yan Biyu ta goge fuskarta da gefen ɗankwali, ta gyara tsayuwa. Da suka cika ƙofar, ita ta fara magana.

"Yaya, an fasa. Yanzu aka aiko shi ya gaya min. Wai kekunan ba su isa ba."

Dariyar ta mutu. Matan suka shiga jajantawa, wannan ta ce haka suke, waccan ta ce wani rabon yana gaba. Yaya kuwa ba ta shiga cikinsu ba. Ta dubi ƙanwarta, ta dubi bangon da aka share, sannan ta juyo ta kafe shi da ido.

"Haka ne, Injiniya?"

Matan duka suka juyo. Matarsa ba ta dube shi ba, ta sunkuya tana tattara matasan da aka zubar a ƙasa lokacin shara.

"Haka ne," in ji shi.